Gaishe Ka, Mai Gobe a Aljihu

Ranka ya daɗe, dole a jinjina maka. Jama'a suna ta fama da "in Allah ya yarda" da "Allah ya kai mu", kai kuwa tuni ka wuce wannan ajin. In ka ce kaya za su iso ranar Laraba, to Larabar za su iso. In ka ce baɗi za ka ta da bene a Abuja, wa ya isa ya ce uffan? Togaciya ka bar wa masu ƙaramin jari, waɗanda ba su da lauya, ba su da likita a Landan, ba su da doguwar katanga mai waya a samanta.

Gidan manya ka gada. Ƙaruna, wanda makullan taskarsa kaɗai suke gagarar ƙarti ɗauka, shi ma ya faɗa wa mutanensa cewa iliminsa ne ya tara masa. Masu gonar nan ta cikin Suratul Ƙalam su ma sun rantse za su yi sammakon girbi, ba su ɓata bakinsu da ambaton yardar Allah ba, har suka ƙulla yadda miskini ba zai leƙo musu ba. Abin da suka tarar da safe kada ya dame ka. Ai su ba su da inshora.

Mun shaida ƙarfinka a 2020. Ƙwayar da ido ba ya gani ta taso daga Wuhan, kafin watan Maris ya ƙare an rufe filayen jiragen sama. Fasfo da biza suna kwance a durowa, asibitin da ka saba zuwa a Dubai ko Alƙahira ya gagara, sai na garinku, wanda ka daɗe kana wucewa ta ƙofarsa gilashin mota a rufe. A Kano, cikin Afrilu, masu haƙar kabari suka jigata, aka yi ta ɗaukar dattawa da malamai da masu sarauta. Hajjin shekarar ko mutum ɗaya bai shiga daga wajen Saudiyya ba, har da kai da kake cewa kujerarka ba ta fashi. Amma ka yi namijin ƙoƙari. Direbanka ya yi tari sau ɗaya, ka kulle kanka a ɗaki. An ce har ka aika wa malaman zaure sadaka su yi maka sauka. Mun sani ba tsoro ba ne, taimakon addini ne kawai ya zo daidai da lokacin.

A Fabrairun 2023 kuma, da canjin kuɗi ya yi tsanani, ga miliyoyinka a banki, ga ka tsaye gaban yaro mai POS kana lallashinsa ya ba ka dubu biyar. Tawali'u ke nan.

Ka dubi mutanen Maiduguri. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga gidaje da kasuwar Monday Market, bai bar fadar Shehu ba. Wanda ya kwanta da shago ya tashi da rigar jikinsa. Me suka yi? Suka mayar da lamari ga Allah, suka saɓa 'ya'yan maƙwabta a kafaɗa, mai kwano ɗaya ya raba shi uku, da ruwa ya janye suka ɗauki shebur suka shiga kwashe laka. Rauni irin na talaka, wanda ya san ba shi da komai sai Ubangijinsa. Kai da ka ga hotunan a waya, madalla da hangen nesanka, cewa ka yi shi ya sa ka yi gini a tudu.

Yanzu da ƙura ta lafa, ga ka kana tara matasa kana koya musu sirrin nasara: tsari, wayo, sanin mutane. Ci gaba, ranka ya daɗe, suna rubutawa. Sai dai in ka zo lissafa abubuwan da ka yi da ƙarfinka, ka tsallake maganar 'yar ƙwayar hawan jinin da kake haɗiya kowace safiya, da ranar nan da ka manta da ita aka fito da kai daga ofis ranga-ranga.