Kayan da Baba Mai Fito Yake Ɗauka

Ƙasar Katagum ba ta da teku, kuma ba wanda zai taso daga Udubo yana neman tsibiri mai itatuwan kwakwa irin na hotunan Zanzibar. Amma duk shekara, da marka ta kankama a watan Agusta, kogin Jama'are ya cika ya batse, ya malala cikin fadamun Zaki a hanyarsa ta haɗuwa da kogin Haɗeja, sai Allah Ya yi mana tsibirai kyauta. Tudun da ake zuwa a babur da rani sai a wayi gari ruwa ya yi masa zobe. Daga nan ziyarar Goggo ta zama tafiyar jirgi, gajeriya dai, wadda ba ta isa mutum ya ji yunwa ba, amma ana kwasar mata da yara da kular abinci kamar za a ƙetare Bahar Maliya. Masu ɗan hali kuwa sukan jira hunturu su wuce Dagona a ƙasar Bade, kallon tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai, wurin da Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarta a 1989. Ko wacce mutum ya zaɓa, abin da nake son in tabbatar ɗaya ne: a wannan tafiya, kada da dorina sun sha zargi a banza, abin tsoron yana zaune kusa da kai, ya kuma biya kuɗin fito kamar yadda ka biya.

Dalilin a fili yake. A mota halin mutum nasa ne. Ya yi miƙa, ya juya, ya sunkuya neman takalmi, motar ba ta san yana yi ba. A kwale-kwale kuwa duk motsin da mutum ɗaya ya yi, kowa ya yi shi. Gaggawa tana da nauyi, son a gani yana da nauyi, tsoro ma yana da nasa, kuma katakon da ke ƙarƙashinku yana auna kowanne nan take. Shi ya sa mai fito yakan san halin fasinja tun daga yadda ya ɗora ƙafar farko, abin da maƙwabcinsa na shekara goma bai gano ba.

Wasu ba sa bukatar dogon bayani. Akwai Hajiya mai salati, wadda ke farawa tun jirgin yana ɗaure a gaɓa, ta riƙe gefen hagu da hannu biyu tana jan sa wajenta, ita a ganinta tana hana shi kifewa. Akwai mai babur, wanda ya yarda a kwantar da matarsa a kan buhun shinkafa amma bai yarda a kwantar da babur ba, don kada mai ya zube. Akwai mai akuya, wanda kullum rantsuwarsa ita ce akuyarsa ba ta da rigima. Akwai mai ciniki, wanda ya yi shiru a bakin ruwa, sai an kai tsakiya ya tuna cewa bara kuɗin fito bai kai haka ba, ya soma neman ragi a wurin da ba shi da ikon cewa a sauke shi. Sai maigida mai ƙirga 'ya'ya, yana ƙirgawa yana samun bakwai maimakon takwas, hankalinsa ya tashi, alhali na takwas ɗin yana kan cinyarsa.

Amma gwanina, wanda ba na gajiya da kallonsa, shi ne Alhaji masanin ruwa. Yakan iso cikin farar shadda mai sitati, da hula zanna a karkace, ya tsaya a gaɓa yana duban kogin kamar ya ba shi ajiya. Ba zai taka taɓo ba, saboda haka sai wani saurayi ya goya shi har cikin jirgi, takalmansa a hannu, yana ba saurayin umarnin inda zai sa ƙafa. Wurin zamansa gaba ne, amma fuskarsa tana kallon baya, don wanda yake so ya gyara a baya yake. "Baba, yi dama, nan akwai rami." Baba mai fito, wanda ya tsufa a kan wannan mashigi har tafin hannunsa ya yi kanta, sai ya ce, "To, Alhaji," ya yi hagu. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Yawwa, haka nake nufi." Shaidar ƙwarewarsa kuwa ba ta ƙarewa. Ya taɓa ganin mahaɗar Kwara da Binuwai a Lokoja, ta tagar motar haya. Ya san yadda ake kamun kifi a Matan Fada na Argungu, don ba ya barin kallon bikin a talabijin. Kakansa ma ya sha ƙetare wannan kogi a kan doki, da dare, da marka, kuma dokin bai jiƙe ba sai ƙafafu. In ruwan ya yi ƙasa, laifin madatsar Tiga ne. In ya yi ambaliya, Tiga ce aka buɗe. Ba ruwansa da cewa Tiga, wadda aka kammala a 1974, a kan kogin Kano take, ita da ta Challawa ta 1992 duk ɓangaren Haɗeja suke zuba, shi kuwa kogin Jama'are madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana yi masa alkawari har yau ba ta tabbata ba. In wani ɗan makaranta ya kuskura ya faɗi haka, Alhaji zai yi murmushin tausayi ya ce ruwa ai duk a ƙarƙashin ƙasa yake haɗuwa. Daga nan ya shiga tarihi. Turawan farko da suka zo Katagum, in ji shi, ta wannan mashigin suka bi, a jirgi. Gaskiya ne Clapperton da Oudney sun nufo Katagum a farkon 1824, Oudney ma ya rasu a Murmur bayan sun bar garin, amma ta ƙasa suka taho daga Borno, cikin ayari. Wannan bai dame shi ba, mu ma bai dame mu ba, domin labarinsa ya fi na gaskiyar daɗi.

Sai iska ta ɗan taso, igiyar ruwa wadda ba ta kai tsayin tafin hannu ba ta mari gefen jirgi. Nan za ka ga masanin ruwa ya cafki wuyan yaron da ke kusa da shi, idonsa a rufe, hular zanna ta faɗa ruwa tana bin ciyawar kachalla. Daga nan har gaɓa ba ka ƙara jin muryarsa, sai leɓe da ke motsi. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa kuwa, sai ya kakkaɓe shadda ya ce, "Ba na ce a yi dama ba?" Duk da haka ba na ƙin sa, kuma ga hujjata: shi bakinsa ne kawai ke motsi, jikinsa yana zaune inda aka ajiye shi. Surutu ba ya karkata jirgi. Har amfani yake da shi, don yaran da za su yi kuka sun shagala da dokin kakansa.

Mai ɗaukar hoto ba haka yake ba, daga kansa ne wasa ya fara yin tsami. Saurayi ne ko budurwa, da waya a hannu, yana ganin tafiyar ba ta faru ba sai TikTok ta shaida. Zaune hoton ba ya kyau, don haka sai ya miƙe, ya ɗora ƙafa a kan gefe, ya miƙa hannu sama yana neman haske, ya ce kowa ya matso nan ɓangaren a fito tare. Wanda ya ce mutum goma sha su koma gefe guda na kwale-kwale, ko bai sani ba, kisan kai ya kira. Abin da ke cetonsa dai yana jin tsawa. Baba ya daka masa ɗaya, "Kai yaro, zauna!", sai ya zauna yana ƙunƙuni yana duba ko hoton ya ɗauku.

Akwai kuma wani ɗan boko da ke zama can tsakiya, ba ya salati da ƙarfi, ba ya ciniki, sai kallon mutane yake yana tara halayensu don ya rubuta a mujalla. Ƙwaryar kwarfe ruwa tana nan daf da ƙafarsa, ruwa yana tsattsafowa ta tsagin katako har ya jiƙa masa dunduniya, shi kuwa ya ɗage ƙafa ya ci gaba da nazari, sai wata tsohuwa ta miƙa hannu ta bayansa ta ɗauki ƙwaryar. Wannan ba zan tsananta masa ba, mai karatu ya san dalili.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai cewa a ƙara ɗaya. Yakan iso a makare, jirgi ya riga ya cika, ruwa saura yatsa huɗu ya kai baki. Baba ya ce a jira sawu na gaba. Shi kuwa sai ya fara da lallashi, ya koma gori, ya ƙare da wa'azi. "Haba Baba, mutum ɗaya ne fa. Allah ne mai tsarewa." Ɗayan nan kuwa yana da buhu biyu da ƙane. In an miƙa masa rigar kariya, a inda ake da ita, sai ya ture ta da dariya ya ce shi ba yaro ba ne, ko kuma ya tambaya ko riga ce ke hana ajali. Mafi muni, yana da baiwar sa mai hankali ya ji kunya. Uwar da ta ce ita kam a sauke ta da 'ya'yanta, ita ce za ta zama mai raunin imani a idon jama'a. Sakamakon irin wannan magana ba ɓoyayye ba ne. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, tsakanin Badau da Bagwai a jihar Kano, akalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar Mauludi, kuma lodi fiye da ƙima aka ɗora wa alhakin. A watan Mayun shekarar, jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi, maƙil da mutane da kaya. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki da dare. Ba kada ko ɗaya a cikin waɗannan labarai.

Za a ce na ɗora wa talaka laifin gwamnati. Ba gada, jiragen sun tsufa, rigunan kariya ba sa isa ƙauye, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da ke Lokoja, wadda ta wajabta sa rigar ta kuma hana tafiyar dare, ba ta da ma'aikaci a kowane mashigi. Wannan duk gaskiya ne, kuma wanda ke da jirgi ɗaya tilo tsakaninsa da kasuwa ko asibiti yana da uzurin da mai yawon Sallah ba shi da shi. Amma uzurin ya tsaya a nan. Rashin gada shi ya sa muka shiga jirgin, ba shi ya ƙara mutum na ashirin a jirgin mutum goma sha biyu ba. In jirgin tsoho ne, wannan dalilin rage lodi ne. Kuma abin lura, mutanen bakin ruwa, masunta da matan da ke fito kullum da ƙwaryar nono, su ne suka fi kowa iya zama, su dunƙule a ƙasa ba motsi. Mai gaggawar nan sau da yawa baƙo ne da ya baro mota a tudu, yana so ya koma gida kafin magariba.

Za a kuma ce mai fito ne ke da kwaɗayi, shi ke karɓar kuɗin. Akwai irinsu, ba musu. Sai dai dattijon da ke tsaye shi kaɗai gaban mai babbar riga, ga jama'a sun yi tsit ba wanda ya goya masa baya, ba kowane lokaci yake iya cewa a'a sau uku ba. Shirun sauran fasinjoji shi ke buɗe wa na ƙarshe hanya. Batun ajali kuwa, ba musulmin da ke jayayya da shi, amma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali. Mutumin da ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu, ya sa wa baburinsa sarƙa, ba shi da bakin yi wa uwa wa'azin dogaro ga Allah a kan ran ɗanta. Shi kansa in ya ga dama ya ƙetare da iyo, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. A jirgi kuwa cacar da yake yi da rayukan 'ya'yan wasu ce.

Saboda haka, mai karatu, in damina ta yi tsibiri a ƙauyen Goggo, ko ka yi niyyar kai iyali Dagona, ku je da rana tsaka, ka tambayi rigar kariya ko da za a yi maka dariya, ka zaunar da yara a tsakiya, ka bar Alhaji masanin ruwa ya yi ta zuba. Amma da ka ji an ce a ƙara ɗaya, ka ɗaga murya ka goyi bayan Baba. In an ƙi ji, ka sauko da matarka da 'ya'yanka, ka biya kuɗin fito sau biyu, ku jira sawu na gaba.