Wainar da Ta Zaga Yashe

A majalisarmu ta bakin titi a Yashe babu wanda aka taɓa gani riƙe da muciya, amma kowa a cikinmu gwanin girki ne. Da an idar da sallar isha'i, mai shayi ya fara jera kofuna, sai a buɗe fage. Direban da ke jigila tsakanin Kano da Katsina ya rantse duk duniya babu abin da ya kai gurasar Jakara in an yi mata bandashe, ta sha ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wani da ya yi fatauci a Maraɗi ya ce duk wanda bai ci kilishin can ba, fata kawai yake tauna. Tela kuwa tun da ya je ɗaurin aure Bauci ya dawo yake raina mana wainar garinmu. Ni abin tinƙahona shi ne zaman da na yi a Samaru ina ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, inda na yi suna wajen dafa-duka a kan risho.

Babbar Sallar 2023 ta faɗo ranar Laraba, 28 ga Yuni, wata guda bayan an cire tallafin man fetur, lita ta haura naira 500. Mai ɗakina tana Kankiya gidan iyayenta, wankan jegon fari. Ni mutumin Funtuwa ne, koyarwa ta kawo ni ƙaramar hukumar Kusada, kuma da na haɗa kuɗin motar zuwa gida da na ɗan ragon da na samo a kasuwar Caranci, sai lissafi ya ce in zauna inda nake. Kankiya ga ta nan kusa, amma ina aka taɓa ganin mutum ya tare a zauren surukai yana jiran tuwon Salla?

Tela ne ya tono maganar. "To Malam, bana wa zai yi maka abincin Salla?"

Da na yi shiru da an wuce wurin, don maƙwabta ba za su bar ni da yunwa ba. Sai na dire kofi na ce waina zan toya da hannuna, wadda za ta mantar da shi ta Bauci, kuma duk majalisar na gayyata. Baki shi ke yanka wuya.

Washegari na ɗauki littafi da biro na nufi wurin wata dattijuwa da ke toya waina a bakin hanya wajen Gidan Mutum Ɗaya, inda motocin Malumfashi ke rabuwa da na Katsina. Wainarta nake ci tun zuwana yankin: gefe ya soyu ya yi ja, ciki fari sol mai huda-huda, in ka tsoma ta a miyar taushe ta sha har ta ƙoshi.

Na ce, "Inna, shinkafa nawa ake jiƙawa?"

"Daidai bakin da za su ci."

"Yis fa?"

"Ka ɗan barbaɗa."

"Cokali nawa ke nan?"

Ta dakata da juya wainar, ta dube ni daga hula har takalmi. "Ɗan nan, ni ban taɓa shawara da cokali ba. Hannu ke sani."

Duk da haka ta lissafo mini: farar shinkafa ta tuwo, a jiƙa ta, a ɗebi kaɗan a dafa ta yi luguf a haɗa, a kai inji, a sa yis a rufe ƙullun ya tashi, sannan ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsami, da sukari da gishiri da albasa. A hanyar gida na duba rubutun da idon malami, na soke batun dafaffiyar shinkafa. Abin da za a toya, mene ne na wahalar dafa shi tukuna?

Ranar jajibere na jiƙa tiya biyu, ni da ƙanena kawai a gida, don gwani ba ya girkin ƙaranta. Da la'asar na shiga layin inji, 'yan mata jere da bokitai, ni kaɗai ne mai gemu. Mai inji ya ƙara kuɗin niƙa, ya nuna mini jarkar fetur a madadin bayani. Wata yarinya, ɗalibata ma, ta leƙa bokitina ta ce, "Malam, ina dafaffiyar?" Na ce mata sabon salo ne na Zariya. Ta ce to, ta juya ta raɗa wa ta bayanta, ita ma ta raɗa wa ta baya, har ƙarshen layi.

Yis a ƙulli-ƙulli mai kanti ke sayarwa. Na tsaya a gaban ƙullun na yi tunani irin na ilimi: in kaɗan yana sa ya tashi, ashe mai yawa zai sa ya tashi sosai. Na kwance duk abin da na sayo na juye, na rufe robar da faranti, na ɗora dutse, na ajiye a kuryar ɗaki. Dare ne na damina, ga zufa, ga hadari ya ƙi sauka.

Can tsakar dare na ji ƙanena daga kan tabarma yana salati. "Yaya! Yaya! Wani abu na lasar ƙafata!"

Na haska tocila. Ƙullun ya ɗaga faranti da dutsen, ya sauko ta gefen roba, ya ratso simintin ɗaki, ya cika sabon takalmina na Salla ƙafa biyu, sannan ya miƙa zuwa tabarma yana ɓulɓulo kumfa. Ɗakin ya ɗume da tsami. Muka shiga kwasa: tukunya, bokitin wanka, kwanon sha, har samirun auren mai ɗakina da ta hana kowa taɓawa. Duk mazubin da muka ba shi sai ya cika ya nemi ƙari. Na tuna kanwa ce maganin tsami, na jiƙa dunƙule guda, na tuttula har da gurɓin ƙasa. Nan take ƙullun ya rikiɗe zuwa wani launi tsakanin rawaya da kore, ya kuma kwanta. Na ce wa ƙanena an shawo kansa.

Kafin asuba ruwa ya sauko, ya jiƙe itacen da na bari a tsakar gida. Muka yi ta hura murhu muna hawaye. Tandar kuwa sabuwa ce dal, ta ƙasa, ashe irinta sai an fara ba ta mai ta sha a wuta kafin ta yarda ta saki abin da aka zuba mata. Zubin farko ya kama gurbi ya ƙi fita, sai da wuƙa. Na biyu waje gawayi, ciki ɗanye. Da na rage wuta sai suka riƙa fitowa lafiya lau a ido, zagayayyu, masu nauyi. Na saki ɗaya a faranti, ta ce ƙwal. Kazar maƙwabta da ta shigo ta kai mata sara ɗaya, ta girgiza kai, ta fita.

Da silifas ɗin wanka na je Idi, a ƙarƙashin shadda mai aiki.

Wanda ya san Salla a garuruwanmu ya san abin da ke biyo bayan saukowa daga Idi. Yara sanye da sabbin kaya suna ta safa da kwanuka a ka, gida zuwa gida: tuwon shinkafa da miyar taushe daga nan, funkaso daga can, shinkafa da miyar kaji, cincin da alkaki a leda. Gidan da uwargida ba ta nan ma ya fi samun rabo, don kowace mata a layin ta sa shi a lissafi. Amma kwano ba ya komawa wofi. Na dubi tulin wainata, na dubi kwanukan mutane, na ga Allah ya haɗa mai nema da abin nema. Kowane kwano na shaƙe shi, ina cewa, "A ce daga gidan Malam, a yi haƙuri ba yawa."

Da labari ya zo liman ya yanka nasa, na yanka nawa. Ranar nan mahauci ya fi gwamna wuyar gani, don haka maƙwabcina ya taimaka da fiɗa, ya zaro kayan ciki ya zube mini a faranti, ya ruga wurin nasa ragon. An so mai layya ya fara karyawa da hantar dabbarsa, kuma baƙina sun kusa. A jikin hantar akwai wata 'yar jaka koriya maƙale. Na ce Allah bai halicci komai a banza ba, na bi ta kanta da wuƙa, na watsa duka a kasko.

'Yan majalisa suka iso, aka shimfiɗa tabarma, aka yi barka da Salla, aka yi bisimilla. Tela ya kai yankan hanta baki. Ya tauna sau ɗaya, ya tsaya, idonsa ya ciko.

"Malam, ragon nan da baƙin ciki ya bar duniya?"

Bafataken Maraɗi ya tono kaskon da cokali ya ɗago abin da ya rage na jakar. "Matsarmama ce ka soya mana!" Wainar kuwa direba ya fi kowa mutunta ta. Ya juya ta a hannu, ya auna nauyinta, ya roƙi in ba shi biyu ya ajiye a mota, wai wejin tayarsa ya ɓata. Daga nan aka jawo kwanukan maƙwabta. Aka ci tuwon wata mata da ba ta taɓa riƙe biro a madafa ba, aka suɗe miya, tela bai ko ambaci Bauci ba.

Bayan la'asar wani yaro ya yi sallama da kwano daga wani gida can ƙarshen gari, gidan da ban aika wa komai ba. Na ji daɗin karamcin, na buɗe. Wainata ce. Ga tabon wuƙata a gefe. Ban gama mamaki ba wani ya shigo daga yamma, shi ma ita ce, an ma gyara mata jeri an yafa ɗan yaji. Ashe kowane gida da ta sauka, an duba, an yaba, an rufe, an miƙa wa na gaba, don abinci ba a zubarwa, kuma kwano ba ya komawa wofi. Kafin magariba ta gama ziyarar dangi ta dawo gida kusan cif.

Washegari da sassafe, ranar da ake yanyanka nama, tsohuwar da ke katanga ɗaya da mu ta shigo da surukanta biyu, ba ta nemi izini ba. Ta sauke ragon daga inda ya kwana a rataye, ta ware na sadaka da na dangi. Aka narka kitsensa aka soya nama a ciki har ya bushe yadda zai yi watanni bai lalace ba. Cinya ɗaya aka dafa da albasa da citta da kanumfari har ta saki, aka kirɓa a turmi, aka mayar kasko ana juyawa a wuta kaɗan-kaɗan har ta zama dambu. Na matso da littafina na ce, "Gwaggo, gishirin nawa kika sa?" Ta miƙo mini mafici. "Ungo, ɗana. Kai ne mai kula da ƙudaje."

Ina tsakar wannan muƙami waya ta yi ƙara. Mai ɗakina ce, tana magana tana haɗiye dariya, jariri na kuka a gefe.

"Malam, barka da Salla. Inna ta ce a gaishe ka da aiki. Ta ce kuma wani kwano ya iso nan daga Yashe jiya da daddare. A maido maka ne, ko a wuce da shi Caranci?"