Manhajar da Ba Ta San Anguwan Rogo Ba

Sana'ata sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar tokumbo. Daga Computer Village da ke Ikeja nake sarowa, su HP da Dell da Lenovo da Turawa suka gaji da su, in goge, in sayar wa ɗaliban Jami'ar Jos da ke maƙwabtaka da unguwarmu, Anguwan Rogo, ta titin Bauchi. Da malaman jami'a suka shiga yajin aikin wata takwas a 2022, ciniki ya mutu murus. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai kasuwa ta koma intanet." Ya buɗe min shago a wata manhajar saye da sayarwa.

Tun ban gama ɗora kaya ba aka taka min birki: wai a fara tantance ni. In ɗauki hoton fuskata, a gwada da na katin ɗan ƙasa. Na ɗauka, suka ce ba ni ba ne. To, hoton katin nan tun ina saurayi ba gemu, yanzu kuwa ga gemu, ga hular sanyi har kunne, don Jos ba ta wasa da asuba. Na cire hula. Gemu dai na ce sai dai a rufe shagon.

Sai rikicin suna. A kati Muhammad, a banki Mohammed, a takardar firamare Moh'd. Manhaja ta ɗauka mu uku ne muka haɗa baki.

Adireshi ne ya ƙarasa ni. Na rubuta gaskiya: bayan masallaci, lungu na biyu, kusa da mai shayi. Ko yaron da aka yaye jiya zai kawo ka ƙofar gidanmu da wannan kwatance. Suka ce lambar gida suke so, da takardar kuɗin wuta mai sunana. Takardar kuwa har yau da sunan kakanmu take zuwa, Allah ya jiƙansa. Na rubuta musu bayani mai tsawo, da gaisuwa da komai. Amsa ta dawo cikin ƙiftawar ido: sun gode, suna dubawa. Na yaba wa ladabin yarinyar da ta amsa, har ƙanena ya ce, "Yaya, inji ne fa."

Mai shayi da ya ji kukana ya ce, "Alhaji, kawo kwamfuta ɗaya nan." Ya aje ta tsakanin burodi da gwangwanin madara. Duk wanda ya tambayi lafiyar batir, sai ya ce, "In ta ba ka matsala, ga gidansa can." Kafin ɗalibai su dawo a Oktoba ya sayar min da su kaf, la'adarsa kuma ba ta wuce kuɗin ƙwai ba.

Sannan saƙon manhaja ya iso: an tantance ni, barka da zuwa. Bai jima ba wani ya biyo baya, wai an dakatar da shagona saboda ba kaya a ciki.