Ma'abuta Gindin Durumi

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Kano, galibi a tsakanin Mayu da Yuni, sai ka ga gari ya watse, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, ba a bar kowa ba face tsofaffi da majinyata, da kuma wata jama'a mai cikakkiyar lafiya wadda ta mai da gindin durumi majalisarta, kowane ɗayansu da hujjar da ta ɗauke masa faralin noma.

Shugabansu shi ne ma'abucin tawakkali, wanda da an yi masa zancen gona sai ya gyara zama ya kawo hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito game da tsuntsaye, yadda Ubangiji yake ciyar da su ba su da rumbu ba su da gandu. Amma bai taɓa tsayawa kan cewa tsuntsayen sammako suke yi su fita da yunwa ba, alhali shi hantsi ke tashinsa, kuma arzikin nasa, idan aka bi sawunsa da tahakiki, daga tukunyar ƙanensa yake fitowa. Kusa da shi akwai Malam Sai-gobe, wanda bai musanta wajabcin aiki ba, lokacinsa ne kawai bai yi ba. Shuka ta wuce shi yana gyaran ƙota, noman firi ya wuce yana cigiyar maƙeri, gero kuwa, da yake wata uku ya ishe shi nuna, ba ya jiran kowa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai maƙiya. Shekara da shekaru yana shuka dawa a gurbin dawa, bai kai taki ko mangala guda ba, bai ratsa wake ko gyaɗa ba, har ƙasa ta gaji, wuta-wuta ta mamaye gonar da jan furenta. Da ganin haka sai ya yanke hukunci cewa sammu ne, kuma ya san mai shi, wato maƙwabcin da yabanyarsa ta yi kyau. Daga nan ya kama akuya ɗaya tilo da ke gidan, wadda kashinta ne maganin ciwon, ya kai wa boka.

Mai jiran gado ya ƙware a ilmin fara'ili fiye da alƙali, ya fitar da tumunin matan uba, ya raba saura. Illa dai tsohon har yanzu a kan keke yake zuwa kasuwa, yana ma maganar ƙara aure. Shi ko mai tarihi, yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 suna bakinsa kullum, bisa ƙiyasinsu kuma ya hango cewa bana ruwa zai ɗauke, saboda haka zuba iri almubazzaranci ne.

Sai dai a yi musu adalci, akwai babin fikihu guda da ba su yi masa kasala ba. Ranar da aka ɗaure dawa da kaka, tun kafin manomi ya gama ƙirga dammunansa, za ka tarar da su a bakin gona, sun riga sun lissafa masa nisabi, suna tunatar da shi cikin ladabi cewa abin da ruwan sama ya shayar ushiri ake fitarwa, ɗaya cikin goma, kuma jinkirta haƙƙin miskinai ba halin mumini ba ne.