Yadda Za Ka Sabunta Ƙwaƙwalwar Tsohuwar Firintar 3D Ba Tare da Yara Sun Ga Hawayenka Ba

Da farko ka tabbata firintar tana aiki lafiya lau, domin mai lafiya ita ce ake jin daɗin ɓatawa. In Ender 3 ce, wadda kamfanin Creality na birnin Shenzhen ya fitar a 2018, to ka dace: jama'a da dama sun riga ka lalata tasu, hanya ta buɗe.

Sai ka tanadi dalilin da za ka faɗa wa uwargida. Na gaskiya guda ɗaya ne. Firintocin farko-farkon nan sun fito ba a kunna musu kariyar zafi ba. Da ɗan ma'aunin zafi ya zame daga mazauninsa, firinta za ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta hura hita, kai kuma kana can kana barci. Manhajar Marlin, wadda ake bayarwa kyauta tun 2011, tana kashe hitar da zarar ta ga lissafi bai yi daidai ba. Wannan ka riƙe. "Na ga wani ya yi a YouTube" ba ya shiga kunnen wadda ta san kuɗin na'urar.

Yanzu kwance murfin akwatin lantarkin ka duba lambar da ke jikin allon lantarki. In ka ga 4.2.2 ko 4.2.7, ka yi hamdala. Fayil mai ƙarewa da .bin za ka zuba a memori mai tsarin FAT32, ka zura, ka kunna, ka jira. Sai dai allon yana da tsiya: ba ya karɓar fayil mai suna irin na wanda ya karɓa a baya. Kafin ka fara zargin maƙiya, canja sunan. Kuma kada ka soma wannan aiki lokacin da wutar NEPA take ƙyafce-ƙyafce.

In kuwa 1.1.3 ko 1.1.4 ka gani, Malam, sannu. Yawancinsu ba su da ƙaramar manhajar da ke buɗe wa kebul ɗin USB ƙofa, don haka sai ka aro Arduino Uno da wayoyi shida ka dasa wa allon ita. Biyar za su shiga daidai. Ta shida ita za ta cinye maka yammacin Asabar.

Daga nan sai fayil ɗin Configuration.h na Marlin, inda cire 'yan sanduna biyu daga gaban layi yake kunna abu. A nan kwaɗayi ke kama mutum, ya kunna wannan, ya kunna wancan. To ƙwaƙwalwar ATmega1284P da ke kan allon 1.1.3 da 1.1.4 kilobait 128 ce kacal, cusa mata duk abin da Marlin ke iyawa kamar loda kayan ɗakin amarya ne a Keke Napep. Dole wani abu ya sauka. Fara da tambarin da ke fitowa lokacin kunnawa. Ba wanda ya taɓa kewarsa.

Bayan an gama, tura wa firintar umarnin M502, sannan M500. In ka tsallake su, tsofaffin saituna suna nan daram, firinta ta ci gaba da halinta na da, ka rantse sabuntawar ba ta shiga ba.

Saura awon zaren roba. Yi alama a milimita 120, ka umarci firintar ta ja 100. Ya kamata 20 su rage. In 26 suka rage, 94 ta ja ke nan, ta yi maka ƙwauron mudu. Lambar jan zaren da aka sa mata daga kamfani 93 ce: ninka ta da 100, raba da 94, ka sami 98.9. Tura M92 E98.9, ka sake M500. Wanda ya manta M500 zai maimaita lissafin nan gobe da safe, cikin fushi.

Duk da haka abin da ka buga zai ƙi manne wa faranti, saboda tun asali farantin ne a karkace. Ɗauki fallen takarda, zura tsakanin bakin firintar da faranti, ka riƙa murɗa ƙafafun nan huɗu na ƙasan farantin har takardar ta fara ɗan kartawa. Ka gyara kusurwa ta huɗu, ta farko ta goce. Zagaya kuma.

Idan uwargida ta leƙo ta tambayi me aka buga bayan duk wannan wahala, nuna mata murfin fankar firintar. Gobe kuma in Allah ya kai mu, mariƙin zaren firintar.