Yadda goron ɗaurin aure ya maƙale a Circle

Motar Kawu Opel Astra ce ta shekarun 1990, wadda ta gama bauta a Jamus kafin a sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tema. Lambarta ma tona mata asiri take yi. A 2009 aka fara ƙare lambobin motocin Gana da shekarar rajista, amma ta Kawu da harafi ta ƙare, don haka duk yaron da ke ƙwallo a lungunan Nima da ke Akra ya san ta girme shi. Kawu ko a jikinsa. A wurinsa, motar da ta tashi da safe lafiyarta ƙalau.

Abin ya faro ne daga allurar zafi, wadda ta koyi hawa sama duk lokacin da aka shiga cunkoso. Kawu ya kai ta wurin wani fita, wato makanike, a gindin bishiya a Maamobi. Mutumin ya kwance wani bututu, ya zaro ɗan ƙarfe mai sifirin, ya ɗaga shi sama yana murmushi. "Alhaji, ga ɓarawon nan. Tamostat ke nan. Don ƙasar ƙanƙara Bature ya yi shi, mu nan me za mu yi da shi?" Ya jefa shi cikin gwangwanin Milo, ya haɗa wayar fanka kai tsaye da makunni, ya karɓi kuɗinsa.

Wannan fatawa ta game garejin Akra da na Kumasi da na Kano, kuma ba gaskiya ba ce. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, sai ta buɗe in zafi ya haura digiri 80 da wani abu, ruwan ya wuce lagireto ya huce. In an cire ta, inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan fetur, ya riƙa cin kansa a hankali. Ciwon asali kuwa yana nan inda yake. A motar Kawu, lagireto ne ya toshe da tsatsa, domin shekara da shekaru ruwan famfo ake ɗura masa maimakon koren ruwan da ake sayarwa don wannan aiki, mai hana tsatsa da saurin tafasa. Murfin lagireton ma robarsa ta mutu, ba ya riƙe matsi, ga shi matsin ne ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba.

Da wata fitila ta fara haske a gaban sitiyari, Kawu bai wahalar da fita ba. Da kansa ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta.

Ranar wata Asabar a ƙarshen 2022 aka ɗora masa amanar kai goro da dabino da alewa wurin ɗaurin aure a Adabraka. Ya ci babbar riga, ya ɗauki ɗan ƙanwarsa, wato mai wannan rubutu, a matsayin ɗan rakiya. Daga Nima zuwa Adabraka ba tafiya ba ce, sai dai Kawu ya bi ta Kwame Nkrumah Circle, inda aka buɗe gadojin sama a 2016 har mutanen gari suka raɗa wa wurin suna Dubai. A saman gadar motoci na gudu. A ƙasa kuwa tirotiro, wato ƙananan bas na haya, da tasi da masu talla da masu sayar da waya sun cakuɗe, kowa na ganin hanyar gadon gidansu ce.

Nan allura ta kai ƙarshe ta jingina. Ɗan rakiya ya ce, "Kawu, kamar hayaƙi nake gani." Kawu ya ce, "Na mai gasa masara ne." Bai rufe baki ba tururi ya turnuƙe gilashi, motar ta yi tari biyu ta mutu a tsakiyar titi.

Ƙa'ida a irin wannan hali ita ce a ture mota gefe, a ɗaga bonet, a jira inji ya huce kafin a taɓa murfin ruwa. Amma wa zai jira alhali liman na zaune? Kawu ya naɗe hannun riga ya murɗa murfin. Allah ya kiyaye fuskarsa, sai dai jan ruwan tsatsa ya yi tsiri sama ya sauko a kan farar shadda. Masu ba da shawara suka taru nan take. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, wani ya ce garin sabulu. Wata yarinya mai tallan ruwan leda ce kaɗai ta ci ribar ranar, don Kawu ya saye kwanonta duka, kuma mai ƙanƙara ne. Ya tsiyaye shi cikin injin da ke tafarfasa. Kan injin alminiyam ne, dama zafi ya riga ya jigata shi, ruwan sanyin ya ƙarasa aikin.

Goro ya isa Adabraka a kan ɗan rakiya, a ƙafa, bayan an shafa fatiha. Dangin amarya har yau in sun gan shi sai su tambaye shi ko motar ta iso.

Fita na biyu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya zaro sandar gwada baƙin mai ya nuna wa Kawu. Man ya koma kamar shayi mai madara, alamar gaskit ya ƙone, ruwa da mai sun haɗu. Kan injin kuma ya tanƙware. Sai Abossey Okai, babbar kasuwar kayan mota da ke kusa da Kaneshie, inda ake jibge injina da ƙofofi da fitilun motocin da aka farke a Turai da Japan da Koriya. Lokacin bai yi wa Kawu daɗi ba. A shekarar sidi, kuɗin Gana, ya faɗi warwas a gaban dala, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, kuma kuɗin da mai shago ya faɗa da safe ba lallai ya amince da shi da la'asar ba. Dattijon ya ba shi shawarar da ta fi kayan amfani: ya tafi da tsohon abin a hannu a gwada, kuma kada ya biya sai an yarda zai iya mayarwa in bai yi ba. Tun da an buɗe inji, ya sa aka canza bel ɗin tayimin da famfon ruwa gaba ɗaya, domin in bel ɗin ya tsinke mota na tafiya, fistin da bawul na iya gwabzawa, a koma gidan jiya.

Abu na ƙarshe a takardar sayayya shi ne tamostat. Kawu ya ce wannan kam ba zai saya ba, yana da nasa. Ya hau tasi har Maamobi, ya yi sallama a gindin bishiya, ya nemi a ba shi kayansa. Fitan bai yi gardama ba. Ya jawo gwangwanin Milo ya zazzage a ƙasa, tamostat na Toyota da Nissan da Kia da Opel suka watse har ƙarƙashin benci.

"Alhaji, bismilla," in ji shi. "Duba ka ɗauki naka."