Yadda Ake Hawan Mambila da Babur Ba Tare da Zubar da Girma Ba

Tsaunin Mambila yana kudu maso gabashin jihar Taraba, cikin ƙaramar hukumar Sardauna, daf da iyakar Kamaru, kuma tudunsa ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Mai zuwa da babur daga Jalingo zai bi ta Bali, ya wuce Serti, ya isa Mayo Selbe a gindin dutse, sannan ya kama hawa har Maisamari, Nguroje da Gembu. Tafiyar yini ce cur, in taya ta yi mutunci.

Lokacin da ya dace shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu. Damina a can doguwa ce, takan kama tun Afrilu har Oktoba, kuma jan laka ba ya tambayar kuɗin da aka sayi babur.

Batun babur ɗin kansa, masu shiri sun rabu biyu. Akwai mai sayen ƙaton babur na ƙasar waje, mai ruri, da akwatunan ƙarfe hagu da dama. Akwai kuma mai Bajaj ko Jincheng. Na farko ya fi kyau a hoto. Na biyu ya fi isa Gembu, domin kowane bakanike a hanya ya san cikinsa, kuma fuloginsa da sarƙarsa suna rataye a kowace rumfa. Idan ƙaton ya lalace a Serti, mai shi zai san mutanen Serti sosai, da sunayen 'ya'yansu, kafin kayan gyara su iso daga Legas.

Kaya kuwa, ƙa'idar ita ce a tara duk abin da ake ganin dole ne, sai a mayar da rabi ɗaki. Abin da ba a bari: hular kwano, tiyub na taya, kayan faci da famfo, fulogi, igiyar roba, tocila, tanti, bargo, rigar ruwa. Turmi, katifa da babbar riga ta zuwa biki za su iya jira. A sha mai a duk inda aka ga gidan mai yana sayarwa, ko da tanki bai yi rabi ba. Gaba sai 'yan bumburutu, waɗanda farashinsu ke hawa tare da dutsen.

Daga Mayo Selbe hanya takan fara nannaɗewa, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Iska tana raguwa da hawa, injin da ke shaƙarta yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Saboda haka babur ɗin da ke tsere a titin Zariya zai fara nishi, kuma ba sammu aka yi masa ba. Magani shi ne ƙaramar giya, da hon kafin kowace kwana, da haƙuri. A nan ne ɗan acaɓar yankin zai zo ya wuce baƙo, ɗauke da buhun masara biyu da dattijuwa a baya, har ya ɗaga hannu ya yi masa sannu. An so baƙo ya amsa gaisuwar, ya kuma danne zuciyarsa. Wanda ya ce sai ya kamo shi, yawanci a mota ake sauko da shi.

Sanyi ma da lissafinsa: ma'aunin zafi yana sauka da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000. Bakano mai cewa ya ga hunturu iri-iri, ba ya buƙatar rigar sanyi, ana gane shi da asuba a teburin mai shayi, ya rungume kofi kamar jaririn da aka ba shi riƙo. Sa'arsa ɗaya, a Kakara kusa da Nguroje ake noman ganyen shayin.

Wurin kafa tanti ba a zaɓensa da ido kawai. Filin nan mai koriyar ciyawa da ya yi kama da ba na kowa ba, makiyayar wani ce, kuma shanunsa sukan fito da sassafe su duba baƙo. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi jauro ko arɗo, a yi sallama, a faɗi abin da ya kawo mutum. Gaisuwa biyu da Fulatanci takan jawo kindirmo. A guji kwari, domin can sanyi da hazo suke taruwa da dare, a kuma juya ƙofar tanti ta ba iska baya. Wanda ya fi son dajin Gashaka-Gumti, inda Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya da mita 2,419, sai ya nemi izini a ofishin gandun dajin da ke Serti, ya tafi da ma'aikaci. Can birai ne masu binciken jaka, kuma ba sa ba da rasit.

Girki yana son ƙarin lokaci, don a wannan tudu ruwa yana tafasa a kusan digiri 95, wake kuwa ba ya yafe wannan ragi. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli da kilishi ba sa buƙatar wuta.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Masu dabarar kashe inji don tsimin mai suna ɗora wa birki aikin da ya fi ƙarfinsa, ya yi zafi, ya daina kamawa tun ba a yi nisa ba. Ana sauka ne da giya ta biyu, inji na riƙe babur, ana taɓa birkin gaba da na baya kaɗan-kaɗan. Idan aka ji ƙauri, sai a tsaya gefe har ƙarfe ya huce. Ga masu wucewa, ya halatta a ce an tsaya ɗaukar hoto ne.